Katanga ta tsage, ana amai da gudawa a gari: mu tashi ko mu zauna?

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a nan Maraɗi, gidanmu yana gangaren da ke kallon Gulbi. Gidan ƙasa ne na gado. Ruwan da aka yi makon jiya ya shigo mana har tsakar gida, masai ya cika ya tumbatsa, katangar ɗakin surukata kuma ta tsage tun daga sama har ƙasa. Mai unguwa ya bi gida-gida yana cewa masu gidajen ƙasa su koma lakwal, wato makarantar boko, kafin wani ruwan. To amma ana ta faɗin amai da gudawa sun ɓulla a gari, har an kwantar da wasu a likita. Ina da goyo ɗan wata takwas da yara uku. Ga Inna, surukata, mai hawan jini da ciwon suga, ta ce ita ba inda za ta, a ɗakin nan mijinta ya cika, kuma wanda gini ya faɗa wa shahidi ne. Maigida yana hanya wajen fatauci. Ta waya ya ce kada mu fita, ɓarayi za su kwashe hatsi da awaki, kuma cuta kawai za mu ɗebo a lakwal. Ni kuwa da na ga hadari ya haɗu sai gabana ya yi ta faɗuwa, barci ya gagare ni. In na fita na saɓa wa miji, in na zauna ina tsoron gini. Ki ba ni shawara don Allah.

Maman yara, Maraɗi

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya tsare ku, Ya kawo ƙarshen daminar nan lafiya.

Zan fara da abin da ba ya jira: daga daren yau kada kowa ya sake kwana a ɗakin nan da ya tsage, ko a ɗakin da ke jingine da shi. Ko ba ku bar gidan yau ba, ku fitar da shimfiɗar Inna. Sauran maganar ana iya tattaunawa, wannan kam ba a iya.

Tsoron da kike yi wa amai da gudawa, wato kwalara, yana kan hanya, don mutanen jihar nan sun san ta. A 2018 daga Madarunfa ta taso cikin watan Yuli, ta kama sama da mutum 3,000 kafin a shawo kanta. A 2021 ta dawo, ta kama sama da 5,000 a faɗin ƙasa, kuma jihar Maraɗi ce ta fi jin jiki. Ba zan ce miki ƙaramar cuta ce ba, tana iya kashe ƙato cikin yini ɗaya in aka bar shi a gida. Amma kwalara tana da hanyar da take bi, ana iya toshe hanyar, in kuma ta kama mutum tana da magani. Inda aka kai marasa lafiya likita da wuri aka mayar musu da ruwan jikinsu, waɗanda ke mutuwa ba sa kai ɗaya cikin ɗari. Katanga kuwa ba ta ba mutum lokacin neman kabu-kabu. Tana faɗowa ne sau ɗaya, yawanci cikin dare, a kan waɗanda suka fi nauyin barci da waɗanda ba sa iya zabura, wato yara da tsofaffi. Ki tuna ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024, wanda a cikin garin nan kaɗai ya ci ran aƙalla mutum 15. A daminar shekarar kusan mutum 400 aka rasa a Nijar, kuma rushewar gidaje da nutsewa ne suka ɗauke su.

Akwai kuma abin da kika faɗa da bakinki, wanda nake ganin maigida bai auna ba saboda ba ya nan. Kin ce masai ya tumbatsa ya malalo tsakar gida. To 'yata, cutar da kuke gudu a lakwal ta hanyar nan take zuwa. Kwalara ba a iska take ba, ba a shaƙar ta don an zauna kusa da wani. Najasa ce ke shiga ruwan sha ko abinci ko hannu, daga nan ta shiga baki. Tsakar gidan da ruwan masai ya wanke, inda ɗan goyo zai yi rarrafe ya sa yatsa a baki, inda ake ajiye kwanuka da randa, bai fi aji a lakwal tsabta ba. Zama a gida bai raba ku da cuta ba, sai dai ya haɗa muku ita da gini.

Gobe da safe ki fita ki dubi katangar da idon basira. Ki duba gindinta: in kika ga danshi ya hau ta kamu ɗaya ko biyu, ƙasa ta yi duhu tana marmashewa in kin taɓa, tushen ya tafi. Ki sa yatsa a tsagar, ki ja layi da gawayi a inda ta tsaya, da yamma ki dawo ki ga ko ta wuce layin. Ki lura ko ƙofa ta fara ƙin rufuwa, ko ƙasa na zubowa daga rufi a kan gado, ko azara na ƙara cikin dare, ko rufin ya yi ciki ruwa na kwanciya a kai maimakon ya bi indararo. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. Kuma kada hasken rana ya ruɗe ku. Ginin ƙasa da ya sha ruwa kamar dunƙulen fura ne a cikin nono, daga waje yana nan da siffarsa alhali ciki ya riga ya saki. Shi ya sa ake jin gida ya faɗi kwana ɗaya ko biyu bayan an ɗauke ruwa, sama tana garau.

Ku da ke gangare kuna da damuwa biyu. Ruwan da ya sauka a kan tudun gari ta wajenku yake gangarowa, ya bi kwazazzabai da ƙarfi. Shi kuma Gulbi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya biyo ta Jibiya da Madarunfa kafin ya iso nan ya wuce Tibiri, don haka yana iya cikowa da ruwan da aka yi a can alhali ko ɗigo bai sauka a kanku ba.

Yanzu ga inda nake ganin tunaninku ya maƙale. Ke da maigida kun ɗauka hanya biyu ce kawai, ko gida ko lakwal. Ba haka ba ne, kuma ba ku kaɗai kuka taɓa shiga wannan tsaka mai wuya ba. A watan Agusta na 2020, ana tsakiyar annobar korona, ba a ma fara allurar rigakafinta ba, mahaukaciyar guguwar nan ta teku da aka sa wa suna Laura ta doshi jihohin Luwiziyana da Tekzas a Amurka, da iska mai gudun kusan kilomita 240 a awa. An umarci sama da mutum 500,000 su bar gidajensu. Mutane da yawa sun yi irin tambayarki: mu zauna guguwa ta same mu, ko mu shiga taro mu ɗauki cuta? Hukumomin can ba su ce a zauna ba. Sun ce a fita, amma suka sauya inda ake zuwa: wanda ke da dangi a nesa da gaɓar teku ya tafi can, dubbai kuma aka rarraba su a ɗakunan otal maimakon a jibge su a babban zaure ɗaya. A watan Mayu na shekarar, da guguwar Amphan ta nufi Bangaladash, sama da mutum miliyan 2 aka kwashe, aka ƙara yawan wuraren fakewa don a rage cunkoso. Korona ta numfashi ce, ta fi kwalara wuyar kaucewa a cikin taro nesa ba kusa ba, duk da haka ba wanda ya ga hikima a bar mutane a bakin ruwa saboda ita.

Mu ba mu da otal, amma muna da abin da ya fi shi, wato dangi. Ki zauna ki lissafa: wa kuke da shi a kan tudu, a Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko Sabon Gari, mai ɗakin siminti? Ƙanen maigida, 'yar Inna da ke aure, gidan iyayenki, aminiyarki ta biki. Ba dole ba ne gida ɗaya ya ɗauke ku duka, kuma wannan ne ke sauƙaƙa roƙon. Ke da Inna da ɗan goyo ku ne ya kamata ku sami ɗaki a gidan dangi, domin ku ne gudawa za ta fi saurin kayarwa. Manyan yaran suna iya zuwa wani gidan. Na san nauyin da ake ji, na san yadda mace ke ƙin a ce ta kwaso 'ya'ya ta tare a gidan mutane. Ki tafi da tiya biyar ko goma ta gero, da sabulunki da tabarmarki, ki faɗa musu tun farko cewa zaman har ƙarshen ruwa ne. Wanda ya zo da abincinsa kuma ya faɗi ranar tafiyarsa ba ya gundurar masu gida. Lakwal ta zama ita ce ta ƙarshe, in duk ƙofofin nan sun ƙi buɗewa. Ko ita ɗin ma ta fi ƙarƙashin katangar nan.

Sai batun maigida. Kada ki ɗauke shi mai taurin kai. Hatsin nan guminsa ne, shi ne abincinku har kaka, awakin nan su ne ajiyarku ta ranar rashin lafiya, kuma ba ƙarya ya yi ba, ana shiga gidajen da aka bari. Abin da ya rasa shi ne gani. Rabonsa da katangar tun tana lafiya. Ki ɗauki hotonta ta ciki da ta waje, ki sa yaro ya tura hannu a tsagar don a ga faɗinta, ki ɗauki tsakar gidan da bakin masai, ki tura masa ta WhatsApp. Sannan kada ki kira shi da kuka da "ni dai zan tafi". Ki kira shi da tsari a hannu: hatsi za a ɗora a amalanke da rana a kai gidan wane, awaki za a ɗaure su a gidan wane, ɗakin da ke da sauran kaya za a sa masa kwaɗo, ƙanensa ko wani saurayi cikin dangi zai riƙa kewayawa, yana kwana a maƙwabta inda ginin siminti yake, ba a zauren gidan ba. In kika amsa masa tambayar ɓarayi kafin ya yi ta, rabin gardamar ta ƙare. Rabi na biyu kuma ki bar wa maza. Wansa, ko limamin unguwa, ko mai unguwar da kansa ya zo ya ga katangar ya kira shi. Akwai maganar da miji zai ji daga bakin wansa da ba zai ji daga bakin matarsa ba, ba don taki ba gaskiya ba ce.

In ya kawo miki hadisin da ya hana fita daga garin da annoba ta sauka, hadisi ne ingantacce, amma ku ba barin gari za ku yi ba. Daga unguwa zuwa unguwa ne, kuma gini kuke gudu. Abin da hadisin ke karewa, wato kada a kai wa wasu cuta, shi ma ku kiyaye shi: in wani a cikinku ya fara gudawa kafin ku tashi, likita za a kai shi, ba gidan dangi ba.

Ki kuma roƙe shi abu guda tun yanzu: ya ba ki izini a gaba. Ku yi yarjejeniya cewa in ruwa ya sake tsallako dokin ƙofa, ko tsagar ta ƙaru, ko mai unguwa ya sake yin shela, za ki fita da yara ba sai kin same shi a waya ba. Layi yakan ɗauke daidai lokacin da ake ruwa, kin sani. In kuma har abin ya zo cikin dare, kin kira ba ki samu ba, ki ɗauki 'ya'yanki ki fita. Wannan ba saɓa wa miji ba ne. Amanarsa kika tsare, kuma ba na jin akwai malamin da zai ce miki ki zauna rufi ya rufta a kan yara don jiran izini.

Inna ce mai wuyar, kuma ita nake so ki fi tausaya wa. Ba katanga take riƙe da ita ba, mijinta take riƙe da shi. A ɗakin nan aka kawo ta, a nan ta haihu, a nan ta rufe masa ido. Tsohuwa in ta ce ba za ta fita ba, sau da yawa abin da take tsoro shi ne in ta fita ba za ta dawo ba, za ta ƙare kwanakinta a matsayin baƙuwa a ɗakin wani. Don haka kada ki yi musu da ita, ke suruka ce, musu ba zai kai ki ko'ina ba. Ki nemo wanda take jin kunyarsa ko wanda take so: 'yarta, ƙanenta, liman. A ce mata 'yan kwanaki ne, a gyara ɗakin ta dawo, kuma a yi nufin cika alkawarin. A fara kwashe abin da ranta ke kai, akwatinta, tasoshinta, carbinta, abin da marigayi ya bari, a kai inda za ta. In kayan sun riga ta, ƙafarta za ta fi sauƙin bi. Jikokinta ma hujja ce: a gaya mata yaran sun ce ba za su tafi su bar ta ba, zamanta yana nufin zamansu.

Maganar shahada da ta yi, gaskiya ne ya zo a hadisi cewa wanda gini ya faɗa wa, da wanda ya nutse, da wanda ciwon ciki ko annoba ta kashe, suna cikin shahidai. Amma wannan bushara ce ga wanda abin ya afka wa ba da zaɓinsa ba, da lallashi ga waɗanda ya bari. Ba izini ba ne mutum ya ga katanga ta sunkuyo ya shimfiɗa tabarma a gindinta, alhali Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka. Sayyidina Umar, da ya doshi Sham ya ji annoba ta sauka, juyawa ya yi da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Liman ya fi ki sanin yadda zai faɗa mata wannan. Yana iya tuna mata kuma cewa garin nan kansa tasowa ya yi. Tsohon Maraɗi a cikin fadama yake, ambaliyar 1945 ce ta cinye shi aka hauro tudu. Iyayenta ko kakanninta suna cikin waɗanda suka ɗauki kayansu a ka, kuma ba wanda ya ce imaninsu ya yi rauni.

Ki haɗa mata magungunanta na hawan jini da na suga, na aƙalla wata ɗaya in da hali, tare da takardar likitanta. Kada ta taka ruwan ambaliya da ƙafa, mai ciwon suga ƙaramin yanka kan zama gyambo. A ɗauke ta a adaidaita ko a amalanke.

In lakwal ɗin ce ta zama dole, ga yadda za ki zauna. Ruwan sha shi ne komai. Ki tafi da jarkarki mai murfi da ƙaramin baki, wadda ba a tsoma moɗa a ciki. Duk ruwan da za ku sha, ko na dama fura ne, ko dai a tafasa shi ya yi ta ɓararraka, ko a sa masa ƙwayar Aquatabs gwargwadon yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. Buta da sabulu su zauna a bakin ƙofarku, a wanke hannu bayan kewayawa, bayan wanke wa yaro kashi, kafin girki da kafin ci. In sabulu ya ƙare, toka ta fi babu. Kashin yara a fo, a zuba a masai, don shi ma yana ɗauke da cuta kamar na manya. Abinci a ci da zafinsa. Kwaɗon ganye, salak, yalo da ƙanƙarar leda ta bakin hanya a haƙura da su har a ga bayan wannan abu. Ɗan goyonki kuwa ki ci gaba da ba shi nono, ko shi ya kamu ko ke, kada kowa ya ce ki yaye shi.

Ki nemi ledojin gishirin zawo a likita ko a kantin magani ki ajiye. In babu, ki haɗa da kanki: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na suga a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri. Kada gishirin ya wuce haka. Alamar kwalara ita ce zawo tsararo mai yawa, fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, sau da yawa da amai, ba lallai da zazzaɓi ba. Ido ya faɗa, in kin tsunkuli fatar ciki ta tsaya ba ta koma da sauri ba, jariri maɗigarsa ta lotsa, fitsari ya ɗauke. Da kin ga zawon ki fara ɗura ruwan gishirin kaɗan-kaɗan kuna kan hanyar likita, ko da tsakar dare ne. Kada a tsaya jiƙo, kada a tsaya sayen ƙwaya a teburi, kada kuma a ɓoye don kunyar a ce cuta ta shiga ɗakin wane. Ɓoyewar nan ita ke kashe mutane.

Kada ki manta sange, wato ragar sauro. Kowa na maganar kwalara, amma a wannan lokaci na shekara zazzaɓin cizon sauro ne ke cika gadajen yara a likitocin jihar nan, kuma aji mai tagogi a buɗe kusa da kududdufi gidan sauro ne. In masu raba maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 suka zagayo ba su same ku a gida ba, ki bi su har likitar unguwa ki karɓa. Ki sani kuma zaman lakwal yana da iyaka, don yara za su koma karatu. A 2024 sai da aka ɗage komawa daga 2 zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya. Ki sa a rubuta sunan gidanku a wajen mai unguwa cikin waɗanda ruwa ya shafa, ko da gidan dangi kuka tafi, don da wannan rajistar ake bi in taimako ya zo.

Yau ɗin nan ki tattara takardun haihuwar yara, katin ɗan ƙasa, takardar fili da katin rigakafin jariri, ki naɗe a leda biyu ki sa a jakar da za ki iya ɗauka da hannu ɗaya. Waya ta kasance da caji, tocila a kusa da kai. Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce. Ku tashi da rana, sama tana sarari, ba sai hadari ya taso ba. In ruwa ya riske ku a hanya, kada ku ratsa kwazazzabo yana gudu, ko da kun ga bai kai gwiwa ba, yana iya kwashe ƙafar babba balle yaro. Kafin ku rufe gida a kashe wutar lantarki daga kwanta, wato mita, kuma a yi nesa da duk wayar lantarki da ta faɗo.

Komawa ma sai an yi hankali. A Luwiziyana, da yawa cikin waɗanda Laura ta yi sanadinsu ba iskar ce ta kashe su ba, bayan ta wuce ne hayaƙin janareta da aka tayar a wuri rufaffe ya kashe su cikin barci. Haka gawayi yake yi in an hura shi a ɗaki an rufe ƙofa don a busar da danshi, kada ku yi. Ku bari ruwa ya ɗauke sosai, magini ya zo ya duba tushen ɗakunan, a rushe abin da za a rushe da hannu. A gyara masai, a kankare taɓon tsakar gida, a wanke randuna da kwanuka da ruwan Javel. In kuna da rijiya a gida kada a sha ruwanta sai an yashe ta an sa magani. Ɗakin Inna shi za a fara gyarawa, tun da an yi mata alkawari.

Ki kira wan maigidanki yau kafin la'asar, ya zo ya ga katangar da idonsa.

Gwaggonku